SHIN DIGIRIN DIGIRGIR YANA KASHE MARUBUCI? DARASI DAGA RAYUWAR NIYI OSUNDARE

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin ɗaliban harshe da adabi, musamman waɗanda Allah ya hore wa baiwar tsara waƙa ko ƙaga labari. Maganar ita ce, wai duk ranar da marubuci ya sa ƙafa a karatun digiri na uku, wato digirin digirgir, to ya yi sallama da alƙalamin ƙirƙira. Masu wannan ra'ayi suna cewa taura biyu ba ta taunuwa: ko dai mutum ya zama manazarci mai feɗe aikin wasu, ko kuma ya zama marubucin da ake feɗe nasa aikin. Har ma akwai masu ƙarawa da cewa galibin manazarta marubuta ne da abin ya gagara, shi ya sa suka koma gefe suna tsangwamar waɗanda suka iya.

Ni dai ban yarda da wannan magana ba, kuma dalilin rubuta wannan maƙala ke nan. Abin ya shafe mu kai tsaye, domin a cikinmu akwai masu rubutu da dama da ke shirin zurfafa karatu, kuma na lura tsoron nan yana sa wasu su ja da baya, wasu kuma su ajiye rubutun da sunan sai sun gama kundi. Don kada maganar ta zama ta fatar baki, zan kafa hujja da rayuwar mutum ɗaya wanda ya yi digirin digirgir a fannin Ingilishi, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Afirka, wato Farfesa Niyi Osundare. Na zaɓe shi ne saboda ɗan ƙasarmu ne, kuma matsalolin da ya fuskanta game da harshe da al'ada ba su da nisa da namu.

Hujjar masu cewa karatu yana kashe baiwa

Adalci shi ne a fara da sauraron ɗaya ɓangaren, domin ruwa ba ya tsami banza. Hujjarsu ta farko tarihi ne. Chinua Achebe digiri ɗaya ya yi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya gama a 1953, kuma yana aikin gidan rediyo a Legas ya rubuta Things Fall Apart wanda ya fito a 1958. Wole Soyinka, wanda ya karɓi lambar Nobel a 1986, bai zauna ya rubuta kundin digirin digirgir ba. Ngugi wa Thiong'o na ƙasar Kenya ya tafi Jami'ar Leeds ta Ingila a 1964 don ƙaro karatu, amma ya bar can bai kammala kundinsa ba. Abin da ya fito da shi a maimakon kundin shi ne ƙagaggen labarinsa A Grain of Wheat na 1967. Idan muka dawo gida, Alhaji Abubakar Imam bai rubuta kundin digirin digirgir ba, ga shi kuwa har gobe ana samun digiri a kan Magana Jari Ce. Shi kuma Alhaji Mamman Shata ai jami'a ce ta bi shi har gida da digirin girmamawa.

Hujjarsu ta biyu ta shafi yanayin aikin. Mai rubuta kundi ana horar da shi ya riƙa taka-tsantsan: kada ya faɗi magana sai ya nuna inda ya samo ta, kada ya bar jimla mai harshen damo, kada ya sa son ransa. Shi kuwa mawaƙi da harshen damo yake cin abinci, kuma son ransa shi ne jarinsa. Suka ce wanda ya shekara biyar yana ɗaure harshensa, ranar da ya so kwance shi sai ya tarar ya sandare.

Hujja ta uku ita ce lokaci. A jami'o'inmu ɗalibin digiri na uku yawanci malami ne mai ɗaruruwan takardun jarrabawa a gabansa, ga iyali, ga jiran mai duba aiki ya dawo da babi, ga yajin aiki. A 2020 malaman jami'a sun yi kusan wata 9 suna yajin aiki, a 2022 kuma wata 8. Wanda ke cikin wannan hali, in ji su, da wane ƙarfi zai zauna ya tsara baiti?

Waɗannan hujjoji ne masu nauyi. Sai dai abin da ta farko ta tabbatar shi ne ana iya zama marubuci ba tare da digirin digirgir ba, kuma wannan babu mai musu. Ba ta tabbatar da cewa digirin yana hana rubutu ba. Sauran biyun kuwa rayuwar Osundare za ta ba su amsa.

Wane ne Niyi Osundare?

An haife shi a 1947 a garin Ikere-Ekiti, cikin Jihar Ekiti ta yanzu. Mahaifinsa manomi ne, kuma makaɗi mai tsara waƙa da Yarbanci. Wato tun kafin ya san harafin boko kunnensa ya saba da ganga da kirari da waƙoƙin bukukuwan gargajiya. Ya yi digirin farko a fannin Ingilishi a Jami'ar Ibadan, ya gama a 1972. Ya yi na biyu a Leeds a 1974, sannan ya tafi Jami'ar York da ke Toronto a ƙasar Kanada, inda ya sami digirin digirgir a 1979. Ya koyar a Sashen Ingilishi na Jami'ar Ibadan, ya zama farfesa a 1989, ya shugabanci sashen daga 1993 zuwa 1997. A shekarar 1997 ɗin ya koma koyarwa a Jami'ar New Orleans ta Amurka.

Yanzu mai karatu ya dubi jerin shekarun nan da kyau. Diwaninsa na farko, Songs of the Marketplace, a 1983 ya fito, wato shekara 4 bayan ya kare kundinsa. A 1986 ya fitar da The Eye of the Earth, wanda ya ci kyautar waƙa ta ƙasashen Kwamanwel da ta Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya. A 1991 ya karɓi kyautar Noma, wadda a lokacin tana cikin manyan kyaututtukan littafi a Afirka, saboda diwaninsa Waiting Laughters. A 2014 aka ba shi lambar yabo ta ƙasa wadda ake ware wa masana. Duk waƙoƙin da suka fito da sunansa duniya bayan digirin digirgir aka buga su, yana tsakiyar koyarwa da duba kundayen ɗalibai, kuma a zamanin mulkin soja, lokacin da albashin malamin jami'a ya zama abin tausayi. Da a ce digirin yana kashe baiwa, da a 1979 aka yi jana'izar tasa.

Abin da kundi ya ba waƙa

Wani zai ce ai baiwarsa ce ta yi ƙarfi har ta tsira daga karatun. Ni kuwa ina ganin karatun ne ya wasa ta. Dalilina yana cikin abin da ya zaɓa ya bincika. Kundinsa ya dubi yadda harsuna biyu da al'adu biyu ke haɗuwa a cikin ƙagaggun labaran da 'yan Nijeriya suka rubuta da Ingilishi. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan bincike ita ce: me ke faruwa idan mutum ya yi tunani da harshen uwarsa, ya rubuta da harshen makaranta? Yaya karin magana ke tsira idan ya tsallaka daga wani harshe zuwa wani? Me ke zubewa a hanya?

To wannan ai ita ce matsalar da yake fuskanta kullum a matsayinsa na mawaƙi. Mutum ne da kunnensa ke cike da Yarbanci, alƙalaminsa kuma na Ingilishi. Shekarun da ya yi yana bin jimlolin marubutan da suka gabace shi ɗaya bayan ɗaya, yana gano dabarun da suka yi amfani da su da wuraren da suka yi tuntuɓe, su ne shekarun koyon sana'arsa. Kamar yaron maƙeri ne da ya daɗe yana zuga yana kallon hannun maigida; ranar da aka miƙa masa masaba ya riga ya san inda zai buga. Daga baya ma fannin da ya ƙware a kansa a aji shi ne nazarin salo, wato binciken yadda zaɓen kalma da ginin jimla da sauti ke haifar da ma'ana.

Wanda ya karanta waƙoƙinsa zai ga sakamakon. Yana ɗauko tsarin kirarin Yarbawa, wanda suke kira oriki, ya gina waƙar Ingilishi a kansa. Yana amfani da maimaici da amshi irin na dandali. A kan wasu waƙoƙin har yakan rubuta irin gangar da za a kaɗa yayin rera su. Duwatsun garinsu, kamar Olosunta, da gonakin da ya yi noma yana yaro sun shiga cikin waƙoƙinsa na kare muhalli tun a 1986, kafin maganar muhalli ta zama ruwan dare a adabinmu. Waɗannan abubuwa ba da ka aka yi su ba. Aikin mutum ne wanda ya san abin da yake yi, ya kuma san dalilin yin sa.

Akwai wani amfani na biyu. Karatu mai zurfi ya nuna masa inda giɓi yake. Mawaƙan Ingilishi na farko a Nijeriya, irin su Christopher Okigbo da Soyinka, an sha zarginsu da tsaurin harshe, har a 1980 Chinweizu da abokansa biyu, Onwuchekwa Jemie da Ihechukwu Madubuike, suka fitar da littafi guda suna sukar wannan salo da cewa kwaikwayon Turawa ne. Osundare ya san wannan muhawara ciki da bai, sai ya zaɓi ya kai waƙa kasuwa, kamar yadda sunan diwaninsa na farko ya nuna. Daga 1985 ya riƙa buga waƙa kowane mako a jaridar Tribune ta ranar Lahadi, a kan tsadar rayuwa da halin shugabanni da abin da ke damun talaka. Mai digirin digirgir ne ya sauko da waƙa daga saman bene ya kai ta wurin mai sayar da jarida. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen cewa karatu yana nisanta marubuci daga jama'a.

Abin da waƙa ta ba kundi

Ribar ba ta tsaya a ɓangare ɗaya ba. Kasancewarsa mawaƙi ya sa ya zama manazarci mai kunne. A shekarun 1980 da 1990 wasu ra'o'in tarken adabi da suka taso daga Faransa suka bunƙasa a Amurka sun mamaye sassan Ingilishi, har ta kai ana rubuta maƙala mai shafi 20 a kan littafi ba tare da an taɓa littafin ba, sai jera sunayen masana da kalmomi masu wuyar haɗiya. A 1993 Osundare ya fitar da wani ɗan littafi a Ibadan yana jan kunnen manazartan Afirka game da wannan ɗabi'a. Bai ce a yi watsi da ra'i ba. Abin da ya nema shi ne a auna kowane ra'i da adabin da ke gabanmu da kuma halin da mutanenmu ke ciki, maimakon a matse adabin ya shiga ra'in ko da tsiya.

Me ya ba shi wannan ƙarfin hali? A ganina, saboda shi ma yana rubutu ne. Wanda ya taɓa kwana yana neman kalma ɗaya da za ta cike baiti ba zai yarda a ce masa marubuci ba shi da muhimmanci a cikin abin da ya rubuta ba. Ya san zufar da ke cikin aikin. Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma mai saƙa da hannunsa shi ya fi kowa saurin gane zanen aro.

Inda masu suka suke da gaskiya

Duk da haka, ba zan ce hanyar babu ƙaya ba. Akwai haɗura na gaske, kuma gara ɗalibi ya san su tun da wuri.

Na farko shi ne ɗan sandan da karatu ke dasawa a ƙwaƙwalwa. Wanda ya saba gano kurakuran manyan marubuta yakan kasa haƙuri da nasa rubutun na farko. Yana rubuta layi ɗaya sai manazarcin da ke cikinsa ya miƙe ya ce wannan an riga an yi, wancan kuma bai kai ba. Maganin wannan shi ne a raba musu lokaci. Lokacin rubutu a sallami manazarcin, lokacin gyara kuma a kira shi, domin a nan ne yake da rana.

Na biyu shi ne tsarin ƙarin girma. A yawancin jami'o'inmu ba a kaiwa matsayin babban malami sai da digirin digirgir, kuma daga nan abin da aka fi ƙirgawa shi ne maƙalu a mujallun ilimi. Wannan yana sa matashin malami ya ga cewa wata ukun da zai ɓatar a kan wasan kwaikwayo gara ya fitar da maƙala biyu. A nawa ra'ayin, sassan harshe da adabi ya kamata su riƙa ba aikin ƙirƙira da ya tsallake tantancewa nauyin da ya dace da shi. Abin mamaki ne a ƙara wa mutum girma don ya yi sharhi a kan littafi, a kuma ɗauki wanda ya rubuta littafin kamar mai wasa.

Na uku shi ne kuɗi da lokaci, kuma wannan babu dabarar da za ta kawar da shi gaba ɗaya. Amma abin lura a rayuwar Osundare shi ne bai jira sai ya sami sarari ba. Alkawarin waƙa ɗaya kowane mako da ya ɗaukar wa jarida shi ya tilasta masa zama ya rubuta, ko da aiki ko babu. Sararin da ake jira ba ya zuwa. Bayan kundi akwai neman matsayi, bayan matsayi akwai shugabancin sashe, bayan wannan kuma sai tsufa.

Batun harshe

Akwai wata tambaya da ɗalibin Hausa ba zai kasa yi ba: in har Osundare yana ƙaunar Yarbanci haka, me ya sa yawancin waƙoƙinsa da Ingilishi suke? Wannan tsohuwar muhawara ce. A 1962 aka yi taron marubutan Afirka masu rubutu da Ingilishi a Makerere ta ƙasar Uganda. A 1963 wani ɗan Nijeriya, Obi Wali, ya rubuta a mujallar Transition cewa adabin Afirka ba zai kai ko'ina ba muddin ba da harsunan Afirka ake rubuta shi ba. Achebe ya ɗauki ɗaya ɓangaren, yana ganin za a iya tanƙwara Ingilishi ya ɗauki kayanmu. A 1968 Ngugi da abokan aikinsa biyu a Nairobi suka nemi a soke Sashen Ingilishi a maye gurbinsa da sashen da adabin Afirka zai zama cibiya, daga baya kuma shi kansa ya koma rubuta labaransa da harshen Gikuyu.

Osundare ya bi hanyar Achebe, ya kuma yi nisa a cikinta. Amma ni a nan ina tare da Obi Wali fiye da yadda nake tare da shi. Ko da waƙar ta je kasuwa, matuƙar da Ingilishi take, to masu karatun boko na kasuwar ne kawai za su ji ta. Tsohuwar da ke sayar da barkono, wadda ake waƙar dominta, sai an yi mata tafinta. Wannan iyaka ce da ƙwarewa ba ta iya tsallakewa.

A nan ne ya kamata mu gane irin arzikin da ke hannunmu. Mu da ke karatun Hausa a nan kudu mun san yadda wasu ke kallonmu. Ana tambayarmu me za mu yi da wannan digiri, ana ganin 'yan Sashen Ingilishi su ne masu karatun gaske. Ga shi kuwa ɗaya daga cikin fitattun farfesoshin Ingilishi na ƙasar nan ya shafe rayuwarsa yana ƙoƙarin sa Ingilishi ya yi abin da harshen uwarsa ke yi ba tare da wahala ba. Abin da yake zagayowa ya tarar, mu a bakin ƙofarmu yake. Harshen da muke nazari shi ne harshen da masu sauraronmu ke ji, miliyoyinsu, a Nijeriya da Nijar da zangunan Gana da Kamaru, har da unguwannin Sabo na garuruwan da muke zaune.

Mu ma muna da namu

Kada a ɗauka haɗa nazari da ƙirƙira sai a Sashen Ingilishi. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ɗaliban waƙa ke amfani da hanyarsa ta feɗe waƙa, ya yi digirin digirgir a Landan a 1980 a kan waƙoƙin wa'azi, kuma shi ne marubucin ƙagaggen labarin Kitsen Rogo. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, mai littafin Hausa a Rubuce na 1988, shi ya fassara wasan kwaikwayon Daren Sha Biyu zuwa Hausa, ya kuma tattara tatsuniyoyi da wasanni domin yara. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya tafi Jami'ar Indiana ta Amurka, amma kundin da ya gabatar a 1975 a kan Mamman Shata ne. Ya kai makaɗin Bahaushe gaban teburin masana, tun lokacin da wasu 'yan boko ke ganin kiɗa ba abin nazari ba ne.

Akwai kuma misalin da ya haɗa sassan biyu. Farfesa Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero, malamin Ingilishi ne mai rubuta ƙagaggun labarai, kuma shi ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu zuwa Ingilishi, wanda wani kamfani a Indiya ya buga a 2012. Ta wannan fassara mutanen da ba su san kalmar Hausa ko ɗaya ba suka karanta labarin matan Kano. Irin wannan aiki sai mai ƙafa biyu, ɗaya a nazari ɗaya a rubutu, kuma mai harshe biyu. Mu da muke zaune cikin Yarbawa da Ibo da sauran al'ummu, wasunmu ma harshe uku gare su. Wa ya fi mu cancantar kai adabin Hausa cikin Yarbanci, ko kawo na Yarbanci cikin Hausa?

Shawara ga mai shirin zurfafa karatu

Daga abin da ya gabata, ga abubuwan da nake ganin ya kamata ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai rubutu su riƙe.

Da farko, ka zaɓi batun bincike da zai ciyar da rubutunka. Idan kai mawaƙi ne, nazarin karin waƙa da amsa-amo ko salon wani makaɗi zai amfane ka sau biyu. Idan mai labari ne kai, binciken yadda ake gina taurari ko sarrafa zance a ƙagaggun labarai makaranta ce a gare ka. Mafi yawan waɗanda kundi ya shaƙe su batun da ba su ƙauna aka ɗora musu, suka karɓa don a gama lafiya.

Na biyu, kada ka ajiye rubutu da sunan sai ka gama. Ka ɗaukar wa kanka alkawari ƙarami wanda za ka iya cikawa, ko da baiti biyar ne a mako ko shafi ɗaya, kuma ka sami inda za a riƙa jiran sa, kamar wannan mujalla tamu ko da'irar marubuta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, ka rubuta kundinka da harshen da mutum zai karanta ya fahimta. Tsaurin harshe ba shi ne zurfin ilimi ba. Idan ba za ka iya bayyana wa ƙanenka na aji ɗaya abin da kake bincike ba, to akwai sauran aiki a gabanka.

Na huɗu, ka fitar da aikinka, ka kuma adana shi. A watan Agusta na 2005 guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans. Ruwa ya cinye gidan Osundare, shi da maiɗakinsa suka maƙale a cikin rufin gida har sai da wani maƙwabci ya zo da kwale-kwale ya cece su. Littattafansa da rubuce-rubucensa na shekara da shekaru duk suka salwanta. Abin da aka riga aka buga ya tsira domin yana hannun jama'a, abin da ke cikin akwati kuwa ya tafi. Ya sake ɗaukar alƙalami, a 2011 ya fitar da diwani a kan wannan masifa. Mu a nan ba sai guguwa ta zo ba. Gara da ɗigar rufi da lalacewar kwamfuta sun isa. Kundaye nawa ne ke jibge a ɗakunan ajiya na sassanmu, waɗanda tun ranar da aka kare su ba wanda ya sake buɗewa?

Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa nazari da ƙirƙira ba kishiyoyi ba ne. Rayuwar Niyi Osundare ta nuna mutum zai iya kare kundi a 1979, ya fitar da diwani a 1983, kuma kowanne ya ƙarfafi ɗan'uwansa, matuƙar binciken ya tsiro daga tambayar da ke damun marubucin, kuma marubucin bai manta da mutanen da yake yi wa magana ba. Abin da ke kashe marubuci shi ne daina rubutu, kuma wannan yana samun mai digiri da marar digiri.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu baiwa da kada tsoro ya hana su zurfafa karatu. Adabin Hausa yana buƙatar manazartan da suka san zafin rubutu, yana kuma buƙatar marubutan da suka san abin da magabata suka yi. Ina kuma roƙon malamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, da su riƙa tambayar ɗalibansu labarin waƙoƙinsu kamar yadda suke tambayar labarin babi na uku. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa alƙalumanmu su zama alheri ga al'umma, amin.